Ƙafar Malam Kashim a Kan Totur

Duk wanda ya san Malam Kashim a Azare ya san ba ya ba kowa makullin motarsa, kuma ba ya tuƙi da takalmi. Idan ya shiga mota sai ya fara cire takalmin ƙafar dama ya tura shi ƙarƙashin kujera, ya yi bismillah, sannan ya ɗora babban yatsansa a kan totur. Haka ubangidansa ya koya masa tun yana saurayi, ba da daɗewa ba bayan iyayensu sun taso daga wajen Gaidam sun sauka a Katagum. Ya ce masa inji yana magana, amma da tafin ƙafa ake sauraronsa.

Ya yi aikin direba a wani ofishin gwamnati har ya yi ritaya, yawancin shekarun da fijo. A fijo waya ce ta ƙarfe take tasowa daga totur zuwa kafireto, idan ka taka kana jin ta tana miƙewa a ƙarƙashin yatsanka. Ya kai manya Bauchi, ya kai su Misau da Maiduguri, kuma sauran direbobi ba su taɓa gane yadda mai yake yi masa auki ba. Wasu har cewa suke yi yana da laƙani. Shi dai murmushi yake yi, ya nuna musu ƙafarsa.

Da ya bar aiki ya sayi Korola ta hannu, ruwan toka, otomatik. Bai taɓa son ta kamar fijo ba. Totur ɗinta babu waya, wuta ce take kai saƙo wurin inji, sai yake ji kamar yana yi wa mutum magana ta bakin tafinta. Amma a hankali suka saba. Da ita yake zuwa Katagum kowace Asabar wurin yayarsa Ya Gana, wadda ita kaɗai ta rage masa a cikin 'yan ɗakinsu. Idanunta sun dushe, ba ta fita, sai dai tana gane ƙarar motarsa tun daga bakin layi. Yakan kai mata goro da sukari da ɗan turaren wuta, su zauna a gindin dalbejiya su yi ta hira da Barbarci har la'asar.

A bana ne motar ta fara shan mai, ga shi man ya yi tsada. Ya canza fulogi, ya sa an wanke tanki, ya sauya gidan mai, ya yi faɗa da bakanikensa na shekara da shekaru. Ba ta daina ba. Kuma ta koyi wani hali na fizga idan za ta tashi, kamar an tsikare ta. Wata safiya ma ta zabura ta goge ginshiƙin ƙofar gida, fitilar hagu ta fashe. Akwai abin da bai gaya wa kowa ba: tun da ciwon suga ya kama shi, tafin ƙafarsa yake ji kamar a kan auduga yake tafiya. Bai haɗa wannan da halin motar ba. Wataƙila kuma bai so ya haɗa ba.

Babban ɗansa Abdulrashid ya zo daga Bauchi a makon da fitilar ta fashe. Ya daɗe yana zagaya motar, sannan ya shigo zaure ya durƙusa.

"Baba, motar nan ta gaji. Shan man da take yi ya yi yawa. Ni ina ganin in na dawo ƙarshen wata in tafi da ita Bauchi a sayar."

"In je Katagum da me? Da jaki?"

"Ai akwai waya, Baba. Ka riƙa kiran Gwaggo. In na samu sarari kuma sai in zo in kai ka."

"Ta wayar zan miƙa mata goron?"

Abdulrashid ya sunkuyar da kai. "Man ne dai, Baba. Ba don komai ba."

"To idan man ne, za a gyara. Kai dai ka koma aikinka."

Malam Kashim ya san sararin ɗansa. Sallah zuwa Sallah ne. Idan motar ta bar gidan nan, to Asabar ta tafi ke nan, Ya Gana za ta zauna gindin dalbejiya tana kasa kunne a banza.

Autarsa Kaltum tana bakin ƙofa riƙe da tiren shayi, ta ji komai. Ta gama jami'a tana koyarwa a wata sakandare a cikin gari, kuma tun rasuwar mahaifiyarsu su biyu ne a gidan. Ba mai yawan magana ba ce, idan za ta faɗi abu sai ta kalli ƙasa tukuna. A 'yan watannin nan ta ɗauki al'adar bin sa Katagum, wai tana kewar Gwaggo. Sai da yayanta ya tafi da kwana biyu sannan ta yi magana.

"Baba, akwai wani ɗan abu da ake sa wa totur. Na gani a shagon Lasisi. An ce yana iya rage shan mai."

"An ce. Wa ya ce?"

"Mu je dai ka gani."

Lasisi Bayerabe ne mai sayar da kayan mota kusa da tasha, a Azare ya girma, Hausa a bakinsa kamar ta gado. Yana hango su ya miƙe yana dariya.

"Baba Direba da kansa! Yau wane laifi motar ta yi kuma? Ko an zo a kore ni ne kamar yadda aka kori bakanike?"

"Kai ma ranarka na zuwa. Ina abin da kake yaudarar yara da shi?"

Lasisi ya ɗauko wani ɗan akwati baƙi, bai fi gidan ashana ba, da igiyar wuta da maɓallai biyu. Ya ce sunansa kwantirola. Ana jona shi ne tsakanin totur da inji. Maɓalli ɗaya yana ƙara wa mota zafin tashi, shi samari suke so. Ɗayan kuma sanyaya ta yake yi.

"Wato idan ka taka da ƙarfi, Baba, sai shi ya je ya ce wa inji ai a hankali ka taka."

"Maƙaryaci ke nan."

"Maƙaryaci mai gyara zumunci dai."

"Bar surutu. Yana rage shan mai ko ba ya ragewa?"

Lasisi ya ɗan kalli Kaltum, ita kuma tana kallon wasu tayoyi da aka jera a gefe.

"Ni ban ce zai haifa maka mai a tanki ba. Inji ba ya canzawa, yadda yake haka yake. Mai nauyin ƙafa, wanda yake danna totur ba lissafi, shi yana ɗan taimaka masa. Amma irinka, Baba, wanda ƙafarsa ta fi ma'aunin zinariya, ai ado ne kawai."

"To me zan yi da ado?"

"A gwada dai, Baba," in ji Kaltum a hankali. "Ko don Yaya ya ga an yi wani abu."

Wannan ce ta shige shi. Ya tsaya a kan Lasisi har ya gama jonawa, ya manna akwatin a gefen sitiyari, Kaltum ta danna maɓallin sanyi.

Ranar Asabar suka fita da hantsi, bayan ya cika tanki kamar yadda ya saba. Damina ta ja baya, an fara yankan gero, kwalta a bushe. Tun daga ƙofar gida ya ji bambanci. Motar ta tashi lallausa, ba fizga, ba gurnani, ta bi ta gefen ginshiƙin da ta goge kamar ba ta san shi ba. Da suka bar gari ta miƙe a kan hanya da irin muryar da ya daɗe bai ji ba, murya ɗaya, ba hawa ba sauka.

Daɗi ya kama shi, bakinsa ya buɗe. Ya nuna wa Kaltum inda wata shekara ruwa ya cinye hanya, shi da wani sakatare suka cire riguna suka tura fijo, sakataren yana ta roƙonsa kada ya ba da labari a ofis. Ya nuna mata inda wata mai nono take tsare shi da ƙwarya tun kafin a yi kwalta, ba ta yarda ya wuce bai sha ba. Ya gaya mata ranar da ya ɗauko mahaifiyarta amarya ta wannan hanyar, ta yi ta kuka har Gadau, daga nan ta share hawaye ta tambaye shi ko akwai rake a mota. Kaltum ta yi dariya har ta rufe baki da mayafi. Ta san labarin, amma ba ta taɓa jin zancen raken ba.

Kafin a kai gadar shiga Katagum akwai wata tsohuwar tsamiya, a nan yake duba gejin mai duk zuwa. A watannin nan allurar takan faɗo ƙasa sosai kafin su iso. Yau da ya duba, sai ya gan ta a wurinta na da, inda take tsayawa shekarun baya.

"Kin gani? Kin ga allurar nan? Gobe ki kira min yayanki ki gaya masa."

"To, Baba."

Bai gama murna ba garken shanu ya ɓullo daga cikin karan gero ya hau kwalta. Akwai tazara, abin da ya tarar sau ba adadi a rayuwarsa. Ya ɗaga ƙafa daga totur ya kai kan birki ya danna. Motar ba ta rage gudu ba. Ya sake dannawa. Shanun suna ta matsowa. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya fara riƙe sitiyari: ya sauke ido daga hanya ya duba ƙasa yana neman ƙafarsa. Tana can a gefen birki, tana danna tabarmar mota da iya ƙarfinta. Ya ɗauke ta yana kallonta ya ɗora a kan birki. Tayoyi suka yi kuka, motar ta tsaya, wata farar saniya tana kallonsu ta gilas, numfashinta yana taɓa bonet.

Mai shanun, wani dattijo Bafulatani da sanda a kafaɗa, ya leƙo ta taga. Da ya ga zanen fuskar Malam Kashim sai ya washe baki.

"A'a, ashe bawana ne! Babarbare, da ka taɓa min Fari da yau ka kwana a ruga kana tatsa."

Ko a wane hali Malam Kashim ba ya barin Bafulatani ya ci shi da wasa. Yau kam bai rama ba.

"Allah ya kiyaye," kawai ya ce.

"Ya kiyaye kam. Ai ku tsofaffin direbobi daban ne. Da yaran yanzu ne, da tuni ana fiɗa." Ya ɗaga sanda ya kora shanunsa.

Malam Kashim ya zauna riƙe da sitiyari har saniyar ƙarshe ta sauka. Ta gefen ido ya ga hannun Kaltum a kan birkin hannu, ta riƙe shi gam. Da ta ga ya gani sai ta janye ta sa a cikin mayafi.  Ya ja motar a hankali suka hau gada, maganar Lasisi tana yi masa yawo a kai. Akwatin ba ya taɓa inji. Mai nauyin ƙafa kaɗai yake taimaka wa. Ga shi kuwa ya taimaka. Ashe duk watannin nan da yake zagin gidan mai yana korar bakanike, ɓarawon man yana nan tare da shi a cikin mota, ba takalmi.

Ya Gana tana kan tabarmarta a gindin dalbejiya. Kaltum ta durƙusa ta gaishe ta, ta shige ciki wurin matan gida. Ya miƙa mata ƙullin goro ya zauna.

"Yau sai da ka yi sallama na san ka zo," ta ce. "Ka canza mota ne?"

"Ita ce."

"To ta yi hankali. Watannin nan idan ka shigo layi sai in ce tirela ce ta ɓata hanya. Kaji su watse, yara su manne da bango."

"Ba ki taɓa faɗa min ba."

"In ce me? In ce Kashim ya manta tuƙi? Kai da ka shigo garin nan da fijo ranar farko, mutanen unguwa suka fito har da liman, Inna tana ta tofa mata addu'a tana shafa ƙofa?" Ta ɓare goro ta kai hanci kafin baki. "Muryarka ba daidai take ba. Me ya faru a hanya?"

Ya gaya mata. Bai rage komai ba, har duba ƙasan da ya yi. Ta daɗe tana tauna goro.

"Lokacin da idona ya fara tafiya," ta ce, "na yi kusan wata ina zuba wa mutanen gidan nan kanwa a miya a madadin gishiri. Babu wanda ya ce min uffan. Sai dai kowa ya ci loma biyu ya ce alhamdulillahi ya ƙoshi. Ni kuma ina ta faɗa wai yaran zamani ba sa cin tuwo. Sai da na kama jikata tana juye kwanon a bayan gida."

Ya yi dariya duk da halin da yake ciki. Da dariyar ta wuce sai ya ji idonsa yana zafi.

"Abdulrashid zai tafi da ita Bauchi," ya ce. "Ya ce man ne."

"Ai dole ya ce man ne. Ɗa ne. Me kake so ya ce?"

"Idan ta tafi, ba na jin zan riƙa zuwa, Ya Gana. Motar haya ba ta kaina ba ce yanzu, a cusa mutum kamar buhu."

"To kada ta tafi mana. Ita yarinyar nan da take bin ka kamar inuwa, hannu ne ba ta da shi ko ƙafa?"

Ya san Kaltum ta iya tuƙi. Abdulrashid ya koya mata lokacin da take karatu a Bauchi, har lasisin tuƙi ta yi. Ranar da ta nuna masa lasisin, sai ya ce tuƙin cikin gari ai wasan yara ne, bai sake tayar da zancen ba, ita ma ba ta sake ba.

Bayan la'asar suka yi sallama. A bakin mota ya tsaya, makulli a hannu. Kaltum ta nufi ƙofarta ta kullum.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Akwatin nan, don mai kika sa aka sa shi?"

Ta kalli ƙasa. 

"Na ga kana son zuwa ne, Baba. Na ce ko zai ƙara maka 'yan watanni." Muryarta ta ɗan karye. "Ban yi tunanin birki ba."

"Ni ma da nake direba ban yi ba."

Ya juya makullin a tafin hannunsa. Fatar da ya ɗaure shi da ita ta yi baƙi don riƙo. Sannan ya miƙa mata.

"Asabar ba ta da fashi. Ko ana bikin ƙawarki, ko ana taro a makaranta. Kin ji?"

"Na ji, Baba."

"Kuma ki gaya wa yayanki motar nan ba ta zuwa Bauchi. Ki ce masa an gano inda man yake tafiya."

Ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar. Kujerar ta yi masa wani iri, hannayensa suka rasa inda za su zauna, ya ɗora su a gwiwa, ya sauke, ya harɗe su a ƙirji. Kaltum ta matso da kujerarta gaba, ta gyara madubi, ta nuna ɗan akwatin.

"A bar shi a kunne?"

"Kashe shi. Ina so in ji irin taki ƙafar."

Ta tayar da motar ba fizga. A kan gada ta ɗan matse gefe, ya ce ta ba kogin haƙƙinsa, ba wanka suka zo ba. Da wata babbar mota ta taho ya ji ƙafarsa tana danna ƙasa da kanta. Ya ce ta rage, ta rage. Ya ce ta ƙara, ai ba gawa suka ɗauko ba. Ta ƙara, tana danne murmushi.

Can gaba, da ya ga babu abin gyarawa, sai ya juya ya kalli taga. Rana ta yi sanyi. An jingina dammunan riɗi a gonaki suna shan iska, wasu mata suna tafe a jere da ƙwarya a ka. Ga wani tafki can nesa cike da bado, fararen balbelu sun sauka a bakinsa. Bayan tafkin kuma rufin kwano ne birjik, da hasumiyar masallaci mai koren fenti, da tankin ruwa a sama.

"Wancan garin fa, yaushe aka kafa shi?"

Kaltum ta saci kallo ta mayar da ido kan hanya.

"Tun ina firamare yake nan, Baba."

"Haba dai."

"Wallahi."

Ya sauke gilas ƙasa gaba ɗaya, ya jingina gwiwar hannu a taga, ya bi garin da ido har itatuwa suka rufe shi.